Kaba da tabarma: littafin aikinmu a bakin Gulbin Kaba

Litinin, 4 Nuwamba 2024

Yau aka buɗe littafi, kuma ni aka ɗora wa riƙonsa. Mu dangi ne mazauna Maraɗi, asalinmu wani ƙauye a bakin Gulbin Kaba cikin ƙasar Mayahi, inda da wuya ka sami macen da ba ta iya saƙar tabarma ba. Bayan ambaliyar damanar bana, wadda ta kayar da ɗakuna ta cinye gonaki a jiharmu, muka yi karo-karo domin mutanen gida. Niyyarmu a sayi hatsi a raba. Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ita ta juya maganar. Ta ce, "Hatsinku ba ya kai ƙarshen sanyi. In taimako kuke son yi, ku saya muna kaba tun tana da arha."

Na zaga kasuwar Mayahi don in gane abin da take nufi. Mace ba ta da jarin sayen kaba da yawa, sai ƙulli ɗaya ko biyu ranar kasuwa, sau da dama ma bashi. Wanda ya ba ta bashin kabar shi ne zai sayi tabarmar in ta gama. Shi ya yanka kuɗin kaba, shi zai yanka kuɗin tabarma. Farar tabarma ta kwanan mutum ɗaya na ga an sallama dala 150, wato sefa 750, mai kyau ƙwarai ce ke kai jika, wato sefa dubu. In aka cire kuɗin kaba, abin da ya rage da ƙyar zai sayi tiyar hatsi, ga shi aikin kwanaki ne da ake yi tsakanin daka da ɗebo ruwa da renon yara.

Abin da muka tsayar ke nan: za mu sayi kaba mai yawa yanzu, mu adana, mata su riƙa ɗauka a kan kuɗin da muka saya, su biya bayan tabarma ta fita. Tabarmin kuma mu gwada kai su Maraɗi da kanmu.

Asabar, 23 Nuwamba 2024

Kafin a fitar da ko dala, Yaya ya ce sai mun ga inda kabar take fitowa. Muka bi 'yan mata masu yanka. Sun fita tun assalatu, kuma rana ta ɗaga sosai kafin mu isa wurin da suke samun ta kirki. Gwaggo ta ce a ƙuruciyarta bayan gida ake zagawa a yanko.

Wanda bai tashi a nan ba yana ɗauka kaba wani ɗan tsiro ne daban. Goruba ce da ba a bari ta tashi ba. In aka sare uwar, gindin ba ya mutuwa, sai ya fito da 'ya'ya cunkus a ƙasa. In an ƙyale ɗaya daga cikinsu shekaru, za ta miƙe, ta rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, ta yi 'ya'ya. Amma masu saƙa ganyen tsakiya suke so, wanda bai buɗe ba, don shi ne fari mai taushi. Na tsaya na kalli wata yarinya tana yi: ta take gefen kurmin da ƙafa saboda ƙaya, ta zura wuƙa can ƙasa, ta fizgo. Da zarar sabon ganye ya leƙo wata ta riga ta zo. Haka gindi zai shekara ashirin bai wuce gwiwa ba. Manyan gorubobin kuwa an sare da yawa don rufin ɗaki, fari na 1973 da na 1984 suka ƙara nasu.

Ga kuma gonaki. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, kuma kowa ya san yadda ake raba gonar uba har ta koma 'yan kamu. Cikin kwarin da dā makiyaya ce da kurmi, yanzu hatsi da wake ne har baki. Kabar da ke cikin gona tana da mai ita. Da damina ba a shiga, bayan an saki gonaki kuma raƙuma da awaki sun rigaye ka.

Wannan ne ya tsaya mani a rai tun da na dawo. Muna ta lissafin kasuwa, alhali talaucin mai saƙa tun daga gindin kaba yake farawa. Ba ta da gona, don haka ba ta da kaba. Ko ta yi tafiyar rabin yini ta yanko, ko ta saya wurin wanda zai saye tabarmarta.

Asabar, 14 Disamba 2024

An sayi kaba, amalanke biyu shaƙe, wurin masu kawowa daga arewa a kan raƙuma. Mun sami ragi mai kyau saboda kuɗi hannu muka biya. An jera ta a tsohon ɗakin marigayi kakanmu.

Ba mu kafa sabuwar ƙungiya ba, don akwai wadda ta girme mu. Matan garin suna da asusunsu na Mata Masu Dubara, tsarin nan da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a nan jihar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu ƙasashen Afirka. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo, maɓallan a hannun mata daban-daban, zubi kowane mako, kuma kowace ta haddace abin da ake bin ta da abin da ake bin ta kusa da ita. Su suka karɓi rabon kabar. Shugabarsu ta gindaya sharaɗi: ba a ba mace ƙulli na biyu sai ta kawo tabarmar na farko. Ni aikina in rubuta abin da suka riga suka sani da ka.

Dillalin garin ya zo gaishe da Yaya, ya zauna ya daɗe. Ya ce, "Alhaji, na ji abin da kuke yi, Allah ya ba da sa'a. Amma ranar da yaro ya kwanta zazzaɓi cikin Agusta, ni ake bugawa ƙofa." Gaskiya ya faɗa. Yana cin riba a kansu ta baki biyu, amma shi kaɗai ke ba da rance a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Mata huɗu ba su shigo ba saboda yana bin su kuɗi, kuma sun ce ba za su juya masa baya ba. Ban ga laifinsu ba. In har asusu bai iya tsayawa a inda yake tsayawa ba, ba mu da bakin cewa su rabu da shi.

Juma'a, 17 Janairu 2025

Kaya na farko ya iso Maraɗi jiya da dare a saman mota, yau ranar kasuwa muka shimfiɗa a gefen rumfar wani ɗan uwa. Kusa da mu tabarmin roba ne jibge, ja da kore da shuɗi, masu zanen masallaci da na fure, yawancinsu daga masana'antun Kano. Ana wanke su da ruwa, suna da faɗi, kuma akwai wadda kuɗinta bai kai na tamu ba.

Wani ɗan kasuwa ya warware mani lissafin. Tun da naira ta faɗi a tsakiyar 2023, duk abin da aka yi a Najeriya ya yi arha ga mai sefa, duk abin da aka yi a nan ya yi wa mai naira tsada. Dā fatake na ɗibar tabarmar kaba su ƙetara da ita ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 sai Disamban 2020 ta buɗe. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 Yuli 2023, sai Maris na 2024. Kowace rufewa tana kashe wa masu saƙa ciniki, kuma in an buɗe ba duka masu saye ke dawowa ba. Ga matsalar 'yan bindiga a wajen Madarunfa da Gidan Rumji, wadda ta sa fatake da dama suka daina bin ƙananan kasuwanni. Macen da ke saƙa a ƙauyenmu ba ta taɓa riƙe naira ba, amma nairar ce ke yanke mata kuɗin cefane.

Mun sayar da kusan rabi. Na lura da masu saye: tsofaffi, malaman allo, wata mata da ke haɗa kayan ɗakin ɗiyarta, da masu shanya barkono da kuɓewa. Wani dattijo ya ɗaga ɗaya ya shinshina, ya lanƙwasa bakinta ya ga ko zai karye, sannan ya ce, "Ɗiyata, ta roba in rana ta buge ta ba ta zaunuwa, in ka kwanta gumi ya jiƙa ka. Ba ni biyu." Bai nemi ragi ba. Masu neman ragi kuwa kullum da ta roba suke gwada mu.

Bayan an cire kuɗin mota da na kaba, kowace tabarma ta bar wa mai ita fiye da abin da dillali ke bayarwa da kamar dala 60 zuwa 80. Ba yawa. Amma a can gishiri ne da sabulu na mako.

Asabar, 8 Fabrairu 2025

Waɗanda suka yi kwantai duk matsalarsu ɗaya: baki ya karkace, ko haɗin ya yi sako-sako. Gwaggo ta tara mata a inuwar bedi ta warware ɗaya a gabansu.

Na zauna kusa da ita har la'asar. Kabar da ta bushe ana yayyafa mata ruwa a nannaɗe cikin tsumma ta kwana, don da hunturun nan in ba haka ba karyewa take. Sai a tsaga da farce ko bakin wuƙa, a zare tsinken gefe, wanda shi ma ba a yar da shi, tsintsiya yake zama. Daga nan a fara doguwar saƙa mai faɗin tafin hannu, ana yi ana naɗewa, har ta yi kamu da yawa. A ƙarshe a yanka daidai tsawon tabarma, a jera, a haɗa gefe da gefe da siririyar igiyar kaba, a kashe baki. Gwaggo ba ta kallon hannunta, hira take yi. Amma fatar babban yatsanta ta tsage ta warke ta sake tsagewa, kuma in za ta miƙe sai ta dafa bango. Ta ce idonta ba ya ganin haɗi bayan magariba, jikarta ke yi mata.

Mun yi maganar rini. Galurar kasuwa ta fi sauƙi amma tana koɗewa a rana. Tsofaffin sun ce jan karan dafi ya fi kama kaba, baƙi kuma bagaruwa da tsohon ƙarfe. Mata uku za su gwada. Kowa a kasuwa in ya ga tabarma mai ado sai ya tambaya ko ta Madawa ce, don can suka yi suna. Ina so wata rana a tambayi ta Mayahi.

Laraba, 12 Maris 2025

Azumi ya kawo ciniki. Limamin unguwarmu ya sa an sayi dogaye don sahun waje na asham, wani gidan tafsiri ma ya aiko. Hotunan da ƙanena ya sa a WhatsApp sun jawo oda daga Yamai, an turo kuɗin ta kamfanin aika kuɗi na Nita. Masu jan karan dafin su suka fara ƙarewa.

Sai dai na ga abin da ban so ba. Da oda ta yi yawa, an hana wasu 'yan mata zuwa lakwal ana tsagar kaba. Na yi wa shugabar asusu magana. Ta ce, "Ɗiyata, mazan sun tafi bida, wasu Najeriya, wasu wajen zinariya. Wa zai tsaga?" Ba ni da amsar da ta fi tata ƙarfi. Mun daidaita a kan cewa ba za mu karɓi odar da ta fi ƙarfin manya ba, ko da kuɗin zai wuce mu. Oda ɗaya ta riga ta wuce.

Asabar, 19 Afrilu 2025

Gara ta shiga ɗakin ajiya ta ƙasa, ta ci layin da ke jikin bango. An fitar da komai an shanya, an zuba toka, an ɗora sauran a kan itace da duwatsu. Asarar ta kai kamar kashi ɗaya cikin goma. Duk da haka kabar da ta rage yanzu ta kusa ninka kuɗinta a kasuwa, mata kuwa suna ɗauka a farashin Disamba. A wannan watan ne suka fara cewa abin ya yi amfani.

Babban aikin yau a ƙofar mai gari aka yi shi. Mun je da roƙo ɗaya: a riƙa barin kaba tana tashi. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a gyara shi ya zama itace, a yankin Maraɗi aka fara yaɗa shi a farkon shekarun 1980, lokacin aikin Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya, kuma gawo da kalgo da sabara da ke cikin gonakinmu yau shaida ne. Dokar gandun daji ta 2004 tana nan, goruba na cikin itatuwan da ba a sarewa sai da izini, sannan a Yulin 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta ƙarfafa haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Dokar ta yi wa itace daɗi, ta yi wa mai gona daɗi. Mai saƙa fa? Nan aka daɗe. Wani mai gona ya ce, "Ranka ya daɗe, in na bar goruba ta tashi a gonata, tawa ce. Ba na son in ga mace da wuƙa a wurin." Gwaggo daga bayan zana ta aiko a faɗa masa cewa tabarmar da yake zaune a kai matarsa ce ta saƙa, kuma kabar daga gonar wani ta fito. Aka yi dariya, amma maganar ta shiga. Ni abin da nake tsoro ke nan tun Nuwamba: a gyara daji, mata su ƙara nisa da shi.

Mai gari ya yanke cewa a kowane kurmi mai gona zai zaɓi toho biyu ko uku ya ɗaura musu tsumma, waɗannan ba mai taɓawa. Sauran mata su yanka da rani, ban da ƙwaƙule zuciyar har ƙasa. Masu gona tara suka yarda. Yaya ya roƙi a rubuta a gaban kwamitin filaye na gari, irin waɗanda aka kafa a ƙarƙashin dokar karkara ta 1993, don kada gobe magada su ce ba su san zancen ba. An ce za a yi.

Laraba, 28 Mayu 2025

Saƙa ta ja baya. Zafi, ga sharar gona, ga ruwan rijiya ya yi ƙasa, mace na kashe safiya a bakin rijiya. Hatsi ya hau. Wasu sun kai tabarminsu wurin dillali don ba su iya jiran motar Maraɗi, kuma ba wadda aka yi wa faɗa. Mai yunwa ba ta jiran Juma'a.

Wannan ya nuna mana ramin da ke cikin tsarinmu. Muna ba da kaba, amma kuɗin tabarma sai an sayar. Asusu ya amince daga yanzu a ba mace rabin kuɗin nan take in ta kawo, sauran bayan ciniki. Don haka sai an bar kuɗi kwance a akwati, wato kabar da za mu saya baɗi za ta ragu. An yi gardama, masu rinjaye suka zaɓi haka.

Lissafi zuwa yau: jarin da muka zuba ya dawo, ban da abin da gara ta ci da bashin mata biyu, ɗaya ta yi jego, ɗaya mijinta ya rasu a wurin bida. An yafe na wadda mijinta ya rasu. Daga cikin huɗun da dillali ke bi, ɗaya ta biya shi ta shigo.

Asabar, 26 Yuli 2025

Damina ta zauna, kowa na gona, ba mai saƙa sai tsofaffi da rana tsaka. Na bi Yaya muka duba tohon da aka ɗaura wa tsumma. A gonaki shida suna nan, wasu sun fitar da ganye huɗu sababbi, abin da kaba ba ta samun yi a nan. A biyu an yanke su tun kafin shuka, ba a san ko wa ba. Mai gona ta tara ya sassabe nasa gaba ɗaya, ya ce inuwa za ta danne masa gyaɗa. Takardar kwamitin filaye har yanzu ba a rubuta ba, sakataren ya ce sai bayan girbi.

Goruba ba ta saurin girma. Wanda ya bar toho bana zai jira shekaru kafin ya ga 'ya'ya, matan kuwa kabar Disamba suke tambaya. Saboda haka shugabar asusu ta kawo wata shawara da ba daga gare mu ta fito ba: su karɓi aron wani fako da ke gabas da gari, wanda ba a nomawa, su shuka ƙwallon goruba da sunan asusu, ya zama wurin yankansu. Mai fakon yana Maraɗi. Yaya zai same shi ranar Litinin, kuma matan sun ce kada ya karɓi aron da bai kai shekara goma sha biyar ba, a rubuce, da shaidu. Yara sun riga sun tara ƙwallo buhu guda, ana so a binne kafin ruwan Agusta ya wuce.